Lawwali Darakta da Ƙarfen Iyaka

Ku gyara zama, yau labarin wani mutum ne da bakinsa ya riga hannunsa ƙwarewa.

A garin Illela, a layin da ke bayan tasha, akwai wani mai ɗaukar hoto ana ce masa Lawwali. Shi dai bai yarda da sunan nan tsurarsa ba. A saman ƙofar shagonsa ya sa an rubuta DARAKTA da jan fenti, rubutun ya fi ƙofar faɗi, har harafin ƙarshe ya hau bangon maƙwabcinsa Sahabi mai faci. Mutane suka karɓi sunan hannu biyu, don ba wanda ya kai shi daɗin kira in ana son dariya.

Shagon ma ba nasa ba ne. Na Kawu Maccido ne, yayan mahaifiyarsa, dillalin albasa, mai gona a fadamar Lafani, mutumin da maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali. Shekara biyu ke nan da ya ba shi aron wurin. A shekara biyun nan abin da Illela ta gani daga hannun Darakta shi ne hotunan fasfo masu kunne ɗaya, da hoton wani ango da aka goge wa fuska har uwarsa ta tambaya ko ɗan wane gida ne. Da damina ta yi nisa, Kawu ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko shiga ba. Ya ce in kaka ta yi bai ga abin da zai sa a ce shagon nan yana da amfani ba, zai karɓi mabuɗinsa ya zuba albasa, don ita ko ba komai in ta sa mutum hawaye ya san dalili.

Washegari Lawwali ya fito da shiri. Ya gani a waya cewa manyan masu hoto na duniya ba fuskar mutane suke bi ba. Da asuba suke fita su ɗauki hazon nan mai laima da ke kwanciya a kan fadama in an kwana ana ruwa, fari kamar an shimfiɗa auduga, itatuwa suna leƙowa daga ciki. Ya zauna a bencin Sahabi ya bayyana wa masu jiran faci cewa irinsa zai ɗauko a Lafani, a buga shi ƙato, har mutanen Ƙwanni, can ƙetaren iyakar ƙasa, su tsallako kallo.

Sahabi yana tsoma tayar babur a ruwa ya ce, "To wa za shi tsaya cikin hoton?"

"Ba kowa."

"Ba kowa. Mi za a kalla ke nan?"

"Hazo."

"Darakta, hazo shi ne abin da ka hana mutum ganin abu. Shi kuma za ka je ka ɗauko muna."

Lawwali ya ce da ma bai sa ran mai neman huji da kunne zai fahimci aikin ido ba. Ya tashi ya kaɗe riga.

Asubar farko matarsa Rabi'a ta tashe shi sau uku. Na farko ya ce hazon bai nuna ba tukuna, sai ka ce mangwaro. Na biyu ya ce yana tsara hoton ne a cikin kansa. Na uku minshari ne ya amsa mata. Sai da hantsi ya isa Lafani, ya tarar manoma sun zauna shan fura. Ya tambaye su ina hazon yake, suka ce ya jira shi har ya gaji, ya ce a gaishe shi.

Asuba ta biyu Rabi'a ba ta ɓata bakinta ba, ruwan randa ta zuba masa a ƙafa. Ya isa a kan kari, kuma gaskiya hazon yana nan. Hazon ya kwanta a kan shinkafa lif, ba a ganin ƙasa, sai wani tsohon gawo da ke tsaye tsirara a ciki, kwaɗi na ta kuka.  Lawwali ya kafa sandarsa mai ƙafa uku ya ɗora wayar da yake ɗaukar hoto da ita, sai ya ga gawon bai shiga duka ba. Ya cire wayar ya riƙe a hannu, ya ja da baya taki ɗaya, ya ƙara, ya ƙara, idonsa na kan gilashi. A taki na biyar ƙasa ta ƙare. Rijiyar lambu ce, irin gajerun nan da ake ban ruwa da su da rani, ta cika da ruwa da laka.

Manoman da suka ji murya tana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa cikin hazo, sai da suka gama neman tsari kafin su matso. Da igiyar guga suka zaro shi. Yana tsaye laka na zuba daga kunnensa, ya gaya musu da gangan ya sauka, don ƙwararru daga ƙasa suke ɗaukar itace. Wani dattijo ya ce to ai da ya faɗa tun farko da ba su katse masa aiki ba, ko a mayar da shi? Wayar ta kwana uku a cikin ƙwaryar ɗanyar shinkafa kafin ta farfaɗo. Rabi'a ta ce a makon nan dai waya ta fi mutanen gidan ganin shinkafa.

Asuba ta uku hazon ya yi kaurin da mutum ba ya ganin tayar babur ɗinsa ta gaba. Lawwali ya ce ya san yanke, ya saki hanya ya bi ta cikin gonaki. Ya yi ta tafiya, gawo bai bayyana ba. Ko da hazon ya yaye, sai ya tsinci kansa a gaban teburin wani mai shayi da bai taɓa gani ba, wayarsa tana ta shigo da saƙo cikin Faransanci. Ya nemi shayi, aka tambaye shi ko yana da sefa, kuɗin ƙetaren iyaka. Hoto ko ɗaya bai ɗauka ba, duk safiyar neman hanya yake yi, ga mai ya ƙare. Da ƙafa ya turo babur har Illela, 'yan kabu-kabu suna wuce shi suna danna masa oda, labarin kuwa ya riga shi isa bayan tasha. Sahabi ya miƙe tsaye ya yi masa barka da sauka. Lawwali ya ce ƙaro ilimi ya je yi ƙasar waje.

Daga nan ruwa ya ɗauke. Aka yi mako ba ɗigo, fadama ta daina hazo, aka kuma ga Kawu Maccido ya ratsa ta layin sau biyu yana auna ƙofar shagon da ido.

To, ranar wata Alhamis da rana tsaka, lokacin da kowa ya gudu inuwa, Lawwali ya lallaɓa Lafani. Ya tsaya a bakin gonar Kawu ya danna sau ɗaya, ya juyo. Ya shiga shago ya turo ƙofa, ya buɗe manhajar gyaran hoto, ya ce ai abin da sama ta hana yatsa zai bayar. Ya shafa hazo ya ƙara shafawa. Ya ɗauko jar rana daga wani hoton ya liƙa a gefe. Ya zuba balbelu bakwai a sama. Tun kafin wannan duka, ya riga ya goge duk abin da bai yi masa ba.

Saura abu ɗaya. A tsakiyar hoton akwai wani dogon ƙarfen tsohuwar mota a kafe cikin shinkafa. Shi kuwa mai koyarwar da Lawwali ke kallo a waya ya sha faɗa cewa ƙwararre ba ya barin abu a tsakiyar hoto, a gefe ake ajiye shi, nan ne ido ke jin daɗi. Sai Lawwali ya ɗora yatsa a kan ƙarfen, ya ja shi sannu har gindin gawo, ya sake. Ya karkata kai ya duba, ya yaba wa kansa.

Da ya taɓa riƙe fartanya ko sau ɗaya, da yatsan nan ya yi masa nauyi. Ƙarfen iyaka ne. Duk damina ruwa yana shafe kunyoyin fadamar, shi ya sa shekara talatin da suka wuce, bayan wata rigima da ta kusa kai ga sanda, marigayi maigarin Lafani ya kafa shi tsakanin gonar Maccido da ta maƙwabcinsa. Maƙwabcin ya rasu bara, gonar ta faɗa hannun ɗansa Alhaji Abdulmalik, ɗan kasuwa mai kai kaya Ƙwanni, wanda bai san gonar da ƙafa ba, ya dai daɗe yana jin a ransa ta yi masa ƙanƙanta. Gawon kuwa kowa ya san taki ashirin yake a cikin gonar Maccido.

Aka bugo hoton a Sakkwato a kan leda mai kauri, irin wadda 'yan siyasa ke buga fuskokinsu, faɗinsa ya rufe gaban shago. A ƙasa an rubuta: Asubar Alhamis, Fadamar Lafani, Aikin Ido Zalla. Ranar kasuwa ya rataye shi.

Abin mamaki, mutane suka tsaya. Masu babur suka rage gudu, mata masu tallar nono suka sauke ƙwarya. Wani ya ce kamar a miƙa hannu a ji sanyi. Lawwali ya hau benci ya ba da labari: yadda ya tsaya cikin ruwa har ƙugu tun kiran assalatu, yadda sauro suka ci shi bai motsa ba, yadda ya jira balbelun suka jeru. Sahabi ya tambaya ko ba a ɗan shafa masa irin man da aka shafa wa angon nan ba. Lawwali ya ɗaga yatsa sama, ya ce duk wanda ya nuna inda hannunsa ya taɓa a hoton nan, ya yarda a cire DARAKTA a rubuta jaki. Kawu Maccido ma ya zo, ya daɗe a tsaye daga nesa, sannan ya ce, "Ba laifi." A bakinsa wannan kirari ne da kalangu.

Ana cikin haka Alhaji Abdulmalik ya fito daga motarsa ya kutsa cikin taron. Bai dubi hazo ba, bai dubi balbelu ba. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa ledar, ya ɗora yatsa a kan ƙarfen, ya ɗora wani a kan gawon.

"Darakta, yaushe ka ce ka ɗauki wanga hoto?"

"Ga shi nan a rubuce, Alhaji. Alhamis."

"Kuma ba ka taɓa komi ba."

"Ko ƙura ban hure ba."

Alhaji ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ce kowa ya zama shaida. Ranar Alhamis ƙarfen iyaka yana gindin gawo, ga shi ɗan ƙanwar Maccido da kansa ya ɗauka. Shekaranjiya kuwa da shi Alhaji ya bi ta gonar, ƙarfen yana can taki ashirin a cikin tasa. Ƙarfe ba ya da ƙafa. Saboda haka akwai wanda ya yi masa ƙafa, kuma ba sai an yi duba ba kafin a san wanda ya ci riba.

 A ƙasar manoma gara a ce mutum ya saci akuya da a ce ya gusar da iyaka. Kawu Maccido ya matso ya dubi hoton da kyau, wannan karon a kusa, sannan ya dubi Lawwali. Lawwali ya dubi balbelu.

Da la'asar aka naɗe ledar aka ɗora a mota, rabin layin bayan tasha suka bi ta a kan babura har ƙofar maigarin Lafani. Sahabi ma ya rufe wurin facinsa, ya ce irin wannan ba kullum ake samu ba. Aka shimfiɗa hoton a ƙasa a gaban maigari, aka danne kusurwoyinsa da duwatsu. Maigarin ɗan marigayin da ya kafa ƙarfen ne, dattijo mai sanyin murya da tabarau ɗaure da zare. Ya ji ta bakin Alhaji, ya ji ta bakin Maccido, wanda ya ce kawai ƙarfe yana inda aka kafa shi. Sannan ya kira mai hoto.

Lawwali ya durƙusa, ya ce ai abin na ilimi ne. Hazo yana da wata ɗabi'a ta lanƙwasa haske, har abu na nan ya bayyana a can, masana sun tabbatar. Maigari ya tambaya me ya sa hazon bai lanƙwasa gawon ba. Lawwali ya ce gawo ya yi nauyi. Wani daga baya ya ce shi ma bari ya jira hazo ya lanƙwaso masa shanun Alhaji cikin garkensa.

Maigari ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce magana biyu ce ba ta uku. Ko hoton gaskiya ne, a mayar da ƙarfe gindin gawo, Maccido ya rasa taki ashirin da sunansa na shekara saba'in. Ko kuwa hoton ƙarya ne, mai shi ya faɗa da bakinsa.

Lawwali ya lissafa. In ya yi shiru, Kawu ya zama ɓarawon iyaka, shago ya tafi. In ya yi magana, ya zama abin da ya ce a rubuta a ƙofarsa, amma wataƙila Kawu ya tausaya. Ya kuma ga ai ba sai ya ba da duka ba, ƙarfen kaɗai zai sallama, ya tsira da hazonsa.

"Ranka shi daɗe, ƙarfen ne kawai na ɗan gusa. Don kyau."

"Don kyau," in ji maigari.

Alhaji Abdulmalik ya yi dariya ya ce ai da ma ya san za a zo nan. Da safe yaro ya rantse a gaban kasuwa bai taɓa ba, da yamma ya ga kawunsa a rami ya ce ya taɓa. Wace za a ɗauka? Shi dai ba ya yarda sai an nuna masa.

Ga Lawwali, mutumin da ya shekara yana neman a yarda da ƙaryarsa, yau yana roƙon a yarda ya yi ƙarya. Ya zaro waya, ya buɗe aikin, ya nuna wa maigari wata 'yar kibiya mai lanƙwasa a kusurwa, ya ce in an danna ta sau ɗaya, abin da aka yi na ƙarshe zai koma yadda yake. Maigari ya ce a ba shi ya danna da kansa, kada a ce an yi masa rufa-ido. Dattawa suka kewaye shi, na baya suka yi ɗage.

Ya danna. Ƙarfe ya yi tsalle daga gindin gawo ya koma tsakiya. Aka yi salati. 

Lawwali ya miƙa hannu biyu. "Shi ke nan, ranka shi daɗe, an gama."

Maigari bai ba shi ba. Ya gyara tabarau, ya ce abin nan da daɗin dannawa. Ya sake dannawa, balbela ɗaya ta ɓace. Ya danna, wata ta bi ta. Jama'a suka kama ƙirga masa da baki ɗaya har bakwai, sama ta zama wayam.

"Ranka shi daɗe, batir ya kusa ƙarewa."

"Bari mu ga inda rana za ta kwana."

Ya danna, jar ranar ta mutu. Ya danna, hazo ya ragu kamar an ɗaga mayafi. Ya danna, ya danna, audugar nan duk ta tattare, shinkafa ta fito kore shar cikin hasken da ke kashe ido. Wani manomi ya leƙa ya ce a duba inuwar gawon, ai tana ƙarƙashinsa kamar kaza ta kwanta kan ƙwai, wannan asubar ta azahar ce. Dannawa ta ƙarshe ta dawo da abin da aka fara gogewa: rabin babban yatsan Darakta a kusurwa, da wani jaki a gaba-gaba, ya ba wa mai hoto baya, ya ɗaga wutsiya yana cikin uzurinsa.

Dariyar da aka yi har kaji suka watse. Sahabi ya zauna a ƙasa yana share ido, ya ce ashe dai akwai wanda ya tsaya cikin hoton. Maigari ya riƙe wayar nesa da fuskarsa ya ƙare mata kallo, ya ce shi a ganinsa wannan ya fi kama da Lafani.

Ya yanke hukunci cewa ƙarfe yana wurinsa, Maccido ba shi da laifi, Alhaji ya ba shi haƙuri a gaban jama'a. Alhaji ya bayar, a gajarce. Sannan ya sunkuya kusa da maigari ya yi ƙasa da murya, ya tambaya ko akwai kibiyar da ke yin gaba, a danna masa ya ƙara ganin gonarsa sau ɗaya yadda ta dace da shi.

Lawwali ya karɓi wayarsa ya miƙe, ya kaɗe gwiwa. Kafin su kai inda aka ajiye babura muryarsa ta fara dawowa. Ya ce wa na kusa da shi, a faɗi gaskiya, duk ƙasar Sakkwato wane mai hoto ne ya taɓa cika ƙofar maigari da hoto ɗaya? Yana cikin faɗa sai ya ga tafin hannu a buɗe a gabansa. Na Kawu Maccido ne.

"Kawu, ai ni na fidda ka."

"Wa ya saka ni?"

Lawwali ya laluba aljihu ya daɗe, kamar mabuɗin zai canza shawara, sannan ya ajiye shi a tafin. Kawu ya jefa a aljihunsa, ya nuna ledar da ke shimfiɗe a ƙofar maigari, ya ce ya naɗo ta ya kai masa shago kafin magariba, kuma ya bi a hankali kada ta yage. Ƙasan shagon yana da danshi, albasa kuwa ba ta son danshi.

Nan na baro su, ni ma na kama hanya tun ido na ganin gari.